Yadda zaka auna darajar kamfanin kayan netwok kafin jita-jitar "za a saye shi" ta kwashe ka

Duk lokacin da hannun jarin wani kamfanin kayan netwok ya ɗan motsa sai kaga musu ya kaure tsakanin masu zuba jari, wannan yace ai araha ce zalla Cisco, babban kamfanin fannin, na dab da haɗiye shi, wancan yace ko kyauta aka baka kar ka karɓa, wani kuma ya kawo lissafin da ya nuna kamfanin zai ninka sau biyar nan da baɗi. Kowa da hujjarsa kuma kowa ya rantse. Abun da yake damuna shine yawancin musun nan ba akan kamfanin ake yinsa ba, akan mai sayen da ba wanda ya gani ake yi. Toh ni dai zan faɗa maka yadda nake zama in auna irin waɗannan kamfanoni, masu ƙera na'urorin haɗa kwamfutoci da intanet irin su rawuta da suwic da kayan faiba da na wayales, kuma yadda nake saka maganar saye a lissafin ba tare da ita ta zama lissafin gaba ɗaya ba.

Ni kaina na taɓa ƙonewa shi yasa nake magana da zafi. Wani ƙaramin kamfani ne mai ƙera kayan faiba, aka yi ta cewa babba zai saye shi kafin ƙarshen shekara, na saka kuɗin da na daɗe ina tarawa ban buɗe ko shafi ɗaya na rahotonsa ba. Sai bayan wata takwas, da daddare ina kwance da waya a hannu, na buɗe rahoton shekarar na gangara har wurin da ake jera haɗurran kasuwancin, naga kwastoma ɗaya tak shine yake sayen kusan rabin kayansu, kuma a layin ƙasa an rubuta cewa ba wata yarjejeniya da ta tilasta masa ya ci gaba da saye. Wallahi sai da na tashi zaune. Maganar tana nan a rubuce tun kafin in saya, ba wanda ya ɓoye min. Mai saye bai zo ba, kwastoman ya rage oda, kamfanin ya fitar da sabbin hannayen jari don ya samu kuɗin biyan albashi, nawa kason ya ƙara ƙanƙancewa, na fita da asara mai ciwo.

Fara da sanin me kamfanin yake sayarwa kuma wa yake sayar wa

Kalmar "netwok" ta haɗa kasuwanci kala-kala da basu da alaƙa sosai, kuma anan mutane suke fara ɓata. Akwai masu sayar wa kamfanonin waya, irin Nokia da Ericsson da Ciena, su kwastomominsu kaɗan ne manya masu taurin ciniki, in sun gama shimfiɗa 5G ko faiba sai su ɗaure bakin aljihu shekara biyu uku. Akwai masu sayar wa ofisoshi da makarantu da asibitoci da gwamnatoci, nan Cisco yafi ƙarfi, kwastoma dubbai ne kuma in mutum ya saba da kayanka canzawa wahala ce. Sannan akwai masu sayar wa manyan cibiyoyin ajiyar bayanai, irin Arista, wanda a wasu shekarun Microsoft da Meta su biyu kaɗai sun kai kusan kashi 40 cikin 100 na cinikinsa. Kaga kenan in wani yazo yace "ai wancan ana sayar dashi ninki kaza na cinikinsa, don haka wannan ma ya kamata ya kai haka", tambayar farko itace shin kasuwarsu ɗaya ce. In ba ɗaya bace kwatancen ya rushe tun daga tushe.

Amsar tana cikin rahoton shekara. Kamfanin Amurka da yake kasuwar hannayen jarin ƙasar dole ya miƙa wa hukumar SEC, mai kula da kasuwar, takardar da ake kira 10-K duk shekara da 10-Q duk wata uku, kuma kyauta ake karanta su a EDGAR, rumbun takardun hukumar na intanet. Ka nemi wurin da aka ambaci kwastoman da ya kai kashi 10 na ciniki ko fiye, doka ta sa sai an bayyana akwai shi. In ka samu ɗaya ko biyu ne ke riƙe da kamfanin, ba wai kar ka saya ba, amma ka sani ranar da ɗayan ya yanke shawarar ƙera nasa kayan ko ya koma wurin wani, lissafinka duk ya tashi.

Farashin hannun jari ɗaya ba ya gaya maka komai

Wannan dan Allah a riƙe shi da kyau. Zakaji mutum yace "dala 5 ne kawai, araha", ko "ya kai dala 300, yayi tsada". Ba haka ake gani ba. Ka ninka farashin da yawan hannayen jarin duka, shine kuɗin da kasuwa ta yi wa kamfanin. Sannan ka ɗora bashin da ake binsa ka cire tsabar kuɗin da yake dashi a ajiye, abun da ya fito shine ainihin abun da mai saye zai ɗauka a wuyansa, domin wanda ya sayi kamfani ya sayi bashinsa.

Ga misali na ƙirƙira don a gane. Kamfani na farko hannun jarinsa dala 20, guda miliyan 100, kenan dala biliyan 2. Ana binsa bashin biliyan 1.5, yana da miliyan 300 a ajiye, cikakken kuɗinsa ya zama biliyan 3.2. Na biyu hannun jarinsa dala 90, guda miliyan 30, biliyan 2.7 kenan, ba bashi, yana da miliyan 700 a ajiye, cikakken kuɗinsa biliyan 2. In dukkansu suna ajiye tsabar kuɗi miliyan 200 a shekara bayan sun biya komai, na farko sai shekara 16 zai mayar da kuɗinsa, na biyu shekara 10. Mai dala 90 ɗin shine mai arahar.

Kuma ba labari bane kawai. CommScope ya sayi Arris a 2019 akan kusan dala biliyan 7.4, yawanci da rance, bashin kamfanin ya tsaya sama da biliyan 9 shekara da shekaru. A 2024 hannun jarin ya gangaro har wajen dala 1, wanda ya kalli farashi kawai zai ce kamfanin ya zama na banza, wanda ya kalli ciniki kawai zai ce kyauta ake rabawa, alhali gaskiyar maganar kusan duk darajar kamfanin a hannun masu bin bashi take, masu hannun jari ragowar kawai suke jira. Irin wannan hannun jarin ɗan motsi kaɗan a darajar kamfanin sai ya ninka ko ya rushe, ka san da me kake wasa kafin ka shiga.

Wace riba kake kallo?

Ma'aunin da aka fi yawan jifan juna dashi shine P/E, wato farashin hannun jari a raba da ribar da kowane hannun jari ya samu a shekara. Yana da amfani amma a wannan fannin yana yaudara ta hanya biyu. Ta farko, kamfanonin fasaha suna biyan ma'aikata wani ɓangaren haƙƙinsu da hannun jari, sai su fitar da riba kala biyu, ɗaya bisa ƙa'idar akanta ta hukuma, ɗaya kuma "gyararriya" wadda aka cire wannan kuɗin kamar ba a kashe shi ba. An kashe shi mana, daga kasonka aka yanka aka basu. Ni ta hukumar nake ɗauka, ko kuma in ɗauki tsabar kuɗin da ya rage bayan an biya komai har da sayen injina, in cire abun da aka raba wa ma'aikata na hannun jari, abun da ya saura dashi nake aiki. Ka kuma duba yawan hannayen jarin shekara biyar baya, in kullum ƙaruwa suke toh ana tsarma maka kaso a hankali.

Ta biyu itace wadda tafi kayar da mutane: kasuwar nan hawa da sauka take. Lokacin da kaya suka yi ƙaranci kwastomomi suna yin oda ninki biyu don tsoron kar su rasa, kamfani ya ga oda ta taru ya ɗauka buƙata ce ta gaske, ya tara kaya a sito, ranar da kayan suka wadata sai odar ta ɓace. Ya faru da Cisco a 2001, ya share kayan da suka haura dala biliyan 2 daga littafinsa a kwata ɗaya, wato wata uku. Ya sake faruwa bayan korona, ƙarancin cip yasa oda ta yi tsiri a 2021 da 2022, aka yi ta isar da kaya a 2023, sannan kwastomomi suka zauna suna cinye abun da suka tara, cinikin Cisco ya sauko daga kusan biliyan 57 a shekarar kuɗinsa ta 2023 zuwa ƙasa da biliyan 54 a ta 2024. Abun lura, a daidai ƙololuwar nan ne P/E yake yin ƙasa ya yi kama da araha, saboda ribar ta kumbura. Don haka kar ka auna da shekara ɗaya, ɗauki biyar ko bakwai ka fitar da matsakaici, kuma duk kwata ka kalli kayan da ke sito, in suna ƙaruwa fiye da yadda ciniki yake ƙaruwa akwai magana.

Sai ribar da take saura bayan an cire kuɗin ƙera kayan kawai. Cisco da Arista suna riƙe sama da kashi 60, masu kayan faiba irin Ciena wajen 40 da ɗoriya. Wannan adadin yana gaya maka waye yake da ƙarfin faɗa a ciniki, kamfanin ko kwastomansa. In kaga yana zamewa kwata bayan kwata, ana matse kamfanin ne ko da ciniki yana hawa. Ka duba kuma nawa ne daga cinikin yake zuwa ta manhaja da kuɗin sabis da ake sabuntawa duk shekara, shi wannan yafi ƙarfe daraja saboda yana dawowa da kansa.

Kamfani mai kyau ma ana iya sayensa da tsada har a cutu

Duk mai wannan harkar ya kamata ya haddace labarin Cisco na 2000. A watan Maris na shekarar ya zama kamfani mafi daraja a duniya, sama da dala biliyan 500, hannun jari wajen dala 80, alhali cinikinsa na shekarar bai kai biliyan 19 ba. Masu cewa intanet zata mamaye duniya kuma Cisco ne ke sayar da bututun, gaskiya suka faɗa, ba su yi ƙarya ba ko kaɗan. Intanet ta mamaye duniya, cinikin kamfanin ya ninka kusan sau uku daga baya. Amma zuwa ƙarshen 2002 hannun jarin ya faɗo ƙasa da dala 10, kuma wanda ya saya a saman nan ya shafe sama da shekara 20 bai ga farashinsa ya dawo ba. Labarin daidai ne, kuɗin da aka biya ne ba daidai ba. Nortel na Kanada ma nasa yafi muni, a 2000 shi kaɗai ya kai kusan kashi ɗaya bisa uku na darajar babban ma'aunin kasuwar Toronto, a Janairun 2009 ya nemi kariyar kotu saboda karyewa, masu hannun jari suka tashi hannu rabbana. A 2011 an sayar da haƙƙoƙin ƙirƙirarsa dala biliyan 4.5, amma wannan kuɗin na masu bin bashi ne.

Ina kawo wannan ne saboda yanzu da ake ta gina cibiyoyin AI irin kalaman nan sun dawo, kowa na cewa dole a sayi suwic dole a sayi faiba, kuma eh dole ne. Tambayar da zaka yi wa kanka da biro a hannu itace: a wannan farashin, sau nawa ribar kamfanin zata ninka, cikin shekara nawa, kafin kuɗina ya yi ma'ana? In amsar tana buƙatar ciniki ya riƙa hawa kashi 30 duk shekara har shekara goma ba tuntuɓe ko ɗaya, toh ka san a kan me ka jingina.

Yanzu maganar saye

Ƙa'idata ɗaya ce, in auna kamfanin kamar ba mai zuwa sayensa har abada. In a hakan ya cancanci kuɗina na saya, in mai saye yazo ƙari ne. In sai da mai saye lissafin zai tashi, na haƙura. Bayan haka ne nake duba ko jita-jitar ma tana da ƙafa.

Abu na farko, waye mai sayen, ka kira sunansa. "Wani babba" ba amsa bace. Yana da kuɗin? Me zai samu da bashi dashi? Nvidia ya sayi Mellanox dala biliyan 6.9, dala 125 kowane hannun jari, aka sanar a Maris 2019, saboda yana buƙatar hanyar haɗa dubban cip ɗinsa su yi aiki tare cikin sauri kuma bashi da ita. Wannan dalili ne da ake iya taɓawa da hannu. Nokia ya sanar da sayen Infinera a 2024 akan dala biliyan 2.3 don ya ƙara ƙarfi a kayan faiba musamman a Amurka. Amma in kamfanin da ake cewa za a saya kayansa iri ɗaya ne da na mai sayen kuma yana ta rasa kasuwa, me zai sa a biya shi, ai jira kawai za a yi kwastomominsa su taho da kansu.

Sai kwatance da cinikin baya, nan ma ana yawan zamba cikin aminci. Za a ce maka Cisco ya biya dala biliyan 6.9 akan Cerent a 1999 lokacin da Cerent ko cinikin kirki bai fara ba, don haka naka ma zai kai. Amma da hannun jari aka biya, hannun jarin da shi kansa ya kumbura a lokacin. JDS Uniphase ya sanar da sayen SDL akan dala biliyan 41 a 2000, shima da takarda, shekarar da ta biyo ya bayyana asarar da ta haura biliyan 50, yawancinta share darajar abubuwan da ya saya ne. Irin wannan cinikin ba ma'auni bane. Ka nemi na kusa-kusa, na tsabar kuɗi, a fanni ɗaya, ka raba cikakken kuɗin da ciniki da kuma riba ka ga ninki nawa aka biya. Kuma ka tuna ƙarin da ake yi akan farashin kasuwa yana da iyaka. HPE, wato Hewlett Packard Enterprise, ya yi wa Juniper mai ƙera kayan netwok tayin dala 40 kowane hannun jari a Janairun 2024, kusan biliyan 14 gaba ɗaya, ƙarin wajen kashi 32 akan farashin kafin labarin ya fita. Toh in jita-jita ta riga ta ɗaga hannun jari kashi 30 kafin ka shiga, an cinye rabonka tun kafin a zauna, kai haɗarin kawai ka saya. Haka kuma in ka saya a dala 50 ya faɗo 20, tayi mai ƙarin kashi 40 dala 28 ne, sayen ya tabbatar maka da asarar ne kawai.

In kuma hannun jarin mai sayen ne a hannunka, lissafin juyawa yake. Ericsson ya kammala sayen Vonage a 2022 akan dala biliyan 6.2, shekara ɗaya da ɗoriya bayan nan ya share kurona biliyan 32 na kuɗin Suwidin daga darajar cinikin. Masu Vonage sun karɓi kuɗinsu sun tafi, masu Ericsson suka biya.

Alamun da nake ɗauka da muhimmanci kaɗan ne kuma duk a rubuce suke. In wani ya tara sama da kashi 5 na kamfani da niyyar tsoma baki a tafiyar dashi dole ya sanar ta takardar 13D. Kamfanin zuba jari na Elliott Management ya matsa wa Riverbed lamba haka har aka amince a sayar dashi ga wani kamfanin zuba jarin, Thoma Bravo, a ƙarshen 2014 akan kusan biliyan 3.6. Ko kuma hukumar daraktoci da kanta ta sanar cewa ta ɗauki banki yana duba mata zaɓi, har da na sayar da kamfanin. Wanda kuma yazo maka da cewa yana da ɗan'uwa a ciki ya tsegunta masa, ka guje shi ta ko wace fuska: in ƙarya ne ka yi asara, in gaskiya ne ciniki da sirrin cikin gida laifi ne da ake ɗaure mutane akansa a Amurka.

An sanar ba yana nufin an gama ba

Nan ne nafi so a daɗe, domin kayan netwok ba kamar sauran kaya bane, gwamnatoci suna kallonsu a matsayin maganar tsaro, kuma kamfanonin da suka rage a fannin kaɗan ne don haka hukumomin hana babakere basa barci. A 2007 Bain Capital tare da Huawei suka amince zasu sayi 3Com akan dala biliyan 2.2, kwamitin CFIUS mai tantance jarin ƙasashen waje a Amurka ya nuna bazai yarda ba, cinikin ya mutu a 2008, sai daga baya HP ya saye shi akan biliyan 2.7. A Maris 2018 shugaban Amurka da kansa ya hana Broadcom sayen Qualcomm. A Yulin shekarar kuma Qualcomm ya janye daga sayen NXP na biliyan 44 bayan ya shafe kusan shekara biyu yana jiran sa hannun hukumomin Chaina bai samu ba, ya biya tarar biliyan 2. Mellanox ɗin ma sai da aka yi wata goma sha uku kafin a rufe a Afrilun 2020.

Na Juniper kuwa, shekara guda cur bayan sanarwa, a Janairun 2025, Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta shigar da ƙara don ta hana, hujjarta itace HPE yana da Aruba, Juniper yana da Mist, dukkansu wayales na ofisoshi suke sayarwa, in sun haɗe su da Cisco zasu riƙe sama da kashi 70 na kasuwar a Amurka. Sai a Yuni aka sasanta, HPE ya yarda zai sayar da sashensa na Instant On, aka rufe ciniki a farkon Yulin 2025. Wata goma sha takwas kenan. Wannan karon da kayan nasu suka yi ba sirri bane, duk wanda ya jera kayan kamfanonin biyu gefe da gefe tun ranar farko zai gani. Ka riƙa yin hakan, takarda ɗaya ka ja layi a tsakiya.

Shi yasa bayan sanarwa zaka ga hannun jarin bai kai farashin tayin ba, giɓin da ya rage kuɗin tsoro ne da kuɗin jira. Ga yadda ake lissafa shi. A ce tayin dala 40 ne, kasuwa tana 37, kafin labari yana 30. In an rufe ka ci 3, in ya rushe ka rasa wajen 7, ko fiye in kasuwancin ya lalace lokacin jiran, kuma yakan lalace saboda kwastomomi suna ɗage oda ƙwararrun injiniyoyi suna neman wani wuri. Kenan sai ka tabbata kashi 70 cikin 100 za a rufe kafin ma ka tashi ba ci ba asara. Sannan 3 akan 37 kusan kashi 8 ne, in wata shida aka yi yayi kyau, in shekara ɗaya da rabi aka yi ya koma kashi 5 da ɗan wani abu a shekara, ka ɗauki haɗarin rasa kashi 19 don abun da bai taka kara ya karya ba.

Wani lokaci jiran yana yi wa mai hannun jari rana, amma da dalili. Cisco ya amince zai sayi Acacia a Yulin 2019 akan dala 70. Sa hannun Chaina ya yi ta jinkiri, a tsakanin nan kasuwancin Acacia ya bunƙasa, da wa'adin yarjejeniyar ya cika a Janairun 2021 sai Acacia yace ya fasa. Cisco ya garzaya kotu a jihar Delaware ta Amurka, cikin kwanaki kaɗan suka sake zama aka koma dala 115, kusan biliyan 4.5 maimakon 2.6. Abun da ya ɗaga farashin shine kamfanin ya fi ƙarfin tsohon tayin da kansa, yana iya tsayawa ko ba Cisco. Mun dawo kan ƙa'idar farko kenan.

Ka duba kuma da me za a biya ka. In tsabar kuɗi ne kamar dala 157 kowane hannun jari da Cisco ya biya lokacin da ya sayi Splunk, adadin a tsaye yake. In hannun jari ne kamar yadda Nokia ya bayar da 0.55 na hannun jarinsa akan kowane ɗaya na Alcatel-Lucent a cinikin da aka sanar a 2015, toh daga ranar kai mai Nokia ne, in ya faɗi tayinka ya faɗi dashi, sai ka koma ka auna mai sayen tun daga farko kamar yadda ka auna wancan.

Ranar da aka sanar da sayen kamfanin da nake riƙe dashi, takardar 8-K, wadda kamfani yake miƙa wa SEC in wani babban abu ya faru, nake fara buɗewa, yarjejeniyar tana liƙe a jikinta. Abu huɗu nake nema: ranar ƙarshe da kowane ɓangare zai iya ficewa in ba a rufe ba, tarar da mai saye zai biya in hukumomi sun hana, ƙasashen da sai sun sa hannu, da kuma ko an bar wa kamfanin ƙofar sauraron wani tayin. In tarar ƙarama ce kuma Chaina tana cikin jerin ko kayansu sun yi karo sosai, nakan sayar da mafi yawa a satin nan in bar kaɗan. Bayan wasu makonni takardar da ake aika wa masu hannun jari kafin ƙuri'a zata fito, a cikinta akwai sashen da yake bada tarihin cinikin rana bayan rana, wa aka kira, kamfani nawa aka tuntuɓa, nawa suka ce basa so. In ka karanta kaga an zaga wurin goma duk sun ƙi sai wannan ɗayan, kar ka zauna jiran wani yazo ya ƙara kuɗi, ka lissafa giɓin da ya rage da watannin da suka rage ka yanke shawara a ranar.